Tsadar Magana: Hanyoyin Sauƙaƙa wa Talaka Gyaran Maganar Ɗansa ta Intanet



1. Gabatarwa

Hausawa sun ce magana jari ce. In kuwa haka ne, to yaron da ya tashi bakinsa bai buɗe ba, ko kuwa ya buɗe amma ba a gane abin da yake faɗi, an tura shi kasuwar duniya ke nan ba ko kwabo a aljihunsa. Da baki ake biya allo, da shi ake amsa tambayar malami a aji, da shi ake ciniki, ake neman aure, ake kare kai a gaban alƙali. Wanda ya rasa shi tun yana ƙarami yakan rasa karatu a bayansa, domin karatu a kan magana ake gina shi.

Akwai wani fannin ilmi wanda aikinsa shi ne taimakon irin waɗannan yara. A wannan lacca za a kira shi gyaran magana, mai yinsa kuma masanin gyaran magana. Shi ba ya tsaga, ba ya ba da ƙwaya. Kayan aikinsa su ne kunne mai saurare, da ido mai lura da motsin leɓe da harshe, da hotuna, da wasanni, da haƙurin maimaitawa. Da yake aikin na gani ne da ji, ya zamana ana iya yin mafi yawansa daga nesa, masani yana wani gari, yaro yana wani, suna ganin juna ta waya ko kwamfuta.

Maƙasudin laccar shi ne amsa tambayoyi uku. Na farko, me ya sa ake bukatar wannan aiki daga nesa? Na biyu, ina ne kuɗin yake tafiya har ya gagari talaka? Na uku, waɗanne hanyoyi ne za a bi a rage wannan tsada ba tare da an zubar da ingancin aikin ba?

2. Irin Matsalar da Girmanta

Matsalolin magana iri-iri ne, kuma Bahaushe ya daɗe da laƙaba wa wasunsu suna. Akwai tsamin baki, watau yaro ya kasa furta wasu baƙaƙe, ya ce “luwa” maimakon “ruwa”, ko “tifi” maimakon “kifi”, har bayan tsararrakinsa sun wuce wannan mataki. Akwai i'ina. Akwai jinkirin buɗe baki. Akwai yaron da kunnensa lafiya lau, hankalinsa lafiya lau, amma haɗa jimla da fahimtar dogon bayani suna ba shi wuya. Akwai wanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa, iska tana kuɓucewa ta hanci in zai yi magana. Sa'an nan akwai wanda rashin ji ne ya hana shi, gama abin da kunne bai ɗauka ba baki ba ya mayarwa.

Game da yawan masu fama, binciken da aka yi a jihar Ayowa ta Amurka a 1997, da wanda aka yi a lardin Sari na Ingila a 2016, duka sun nuna cewa kimanin kashi 7 cikin ɗari na yaran da ke shiga makaranta suna da nauyin fahimta da sarrafa harshe. Watau ke nan yara biyu a ajin da ke da yara 30. Mai saurare ya ƙiyasta da kansa abin da wannan zai zama a ajin firamare irin wanda ake cusa yara 80 ko 100. I'ina takan kama kimanin yaro ɗaya cikin 20, galibi tsakanin shekara biyu da biyar. Yawancinsu tana sakinsu, amma takan zauna wa kimanin mutum ɗaya cikin ɗari har girma. Tsagewar leɓe ko ganɗa kuwa, ana lissafin jariri ɗaya cikin kimanin 700 a duniya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 a kan sha'anin ji ya ce yara miliyan 34 ne ke da rashin ji mai bukatar taimako, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara ana iya kauce mata.

Ƙasar Hausa tana da nata ƙarin dalilai. Tana cikin zirin sanƙarau wanda ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha, sanƙarau kuwa yana daga cikin manyan masu toshe kunnen yaro. A annobar 1996 kaɗai, fiye da mutum 100,000 ne suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, da yawa daga waɗanda suka tashi kuma sun tashi da kunnen da ba ya ji. Ga ƙyanda, ga hangum, ga shawarar jarirai, ga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ga doguwar naƙuda, ga ciwon kunne mai zubar da ruwa wanda ake raina shi har ya yi ɓarna.

Abin da ya sa batun ya zama na gaggawa shi ne lokaci. Yaro yakan furta kalmarsa ta farko wajen shekara ɗaya, ya haɗa kalma biyu wajen shekara biyu, in ya kai huɗu baƙo ma ya gane yawancin zancensa. A waɗannan shekaru ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma abin da aka saba ji a gidaje shi ne, “Ƙyale shi, ubansa ma sai da ya shekara huɗu.” Wani lokaci a kai shi wurin wanzami a yanke linzami ko a cire beli, alhali ba can matsalar take ba. Kafin a farga an kai shi makaranta, an laƙaba masa daƙiƙanci, yara suna kwaikwayonsa, shi kuma ya zaɓi yin shiru.

3. Dalilin Yin Aikin Daga Nesa

Dalili na farko shi ne ƙarancin masana. Rahoton nan na 2021 ya nuna cewa a cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 17 cikin ɗari ne kawai suke da ko da masanin gyaran magana ɗaya ga kowane mutum miliyan guda. A Nijeriya 'yan kaɗan ɗin da ake da su suna tattare a manyan birane da asibitocin koyarwa. Akwai hukumar da aka kafa a 1988 don yi wa masu aikin farfaɗo da marasa lafiya rajista, ciki har da masanan magana da ji. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999. Jami'o'i irin su Ibadan da Jos da Bayero suna da sassan ilmin masu bukata ta musamman. Amma uwar da ke ƙauye a bayan Gumel ko Illela, tsakaninta da waɗannan wurare akwai tafiyar yini da kuɗin mota na mutum biyu. Gyaran magana kuwa ba allura ba ce da za a yi sau ɗaya a huta. Zama ne na mako-mako, watanni a jere. Nan ne yawancin iyaye suke karaya: su je sau biyu ko uku, guzuri ya ƙare, a bar wa Allah.

Dalili na biyu shi ne an jarraba aikin daga nesa an ga yana ci. Ƙungiyar masanan magana da ji ta Amurka ta amince da shi tun 2005. A 2010 aka buga sakamakon wani gwaji a makarantun karkarar jihar Ohayo, inda aka kwatanta yaran da aka koyar ta kwamfuta da waɗanda aka koyar ido da ido, aka ga ci gabansu ya yi daidai. A Ostareliya akwai wani tsari na maganin i'inar ƙananan yara mai suna Lidcombe, wanda iyaye ne suke gudanar da shi a gida, masani yana duba su sau ɗaya a mako. A 2016 aka buga gwajin da aka yi da yara 49, wasu suna zuwa asibiti, wasu ana ganawa da su ta kyamarar kwamfuta, ba a kuwa sami wani bambanci na a zo a gani ba a tsakaninsu. Da annobar korona ta rufe makarantu da asibitoci a 2020, sai abin da yake zaɓi ya koma tilas, masana da yawa a duniya suka koyi aikin a kan dole.

To, in intanet ta kawar da kuɗin mota, ashe an gama ke nan? Ba a gama ba. Ta ɗauke wani kaya ne ta ɗora wani.

4. Inda Kuɗin Yake Tafiya

Kafin a lissafa, ya kamata a tuna da aljihun da za a ciro kuɗin. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022 ta nuna mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun majiyyaci yake fita kai tsaye. Albashi mafi ƙanƙanta da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, manomi da ɗan tireda kuwa ko wannan ba su da tabbacinsa.

Kaya na farko shi ne ladan masani. A ɗauka, don misali kawai, cewa zama ɗaya naira 10,000 ne. Zama huɗu a wata ya tashi 40,000, fiye da rabin albashin ƙaramin ma'aikaci, a kan yaro guda cikin 'ya'ya shida ko bakwai. Ba kuwa za a zargi masanin ba, domin shi ma da wannan yake ci, kuma in aikin bai riƙe shi ba ƙasar waje za ta ɗauke shi.

Kaya na biyu shi ne wayar kanta. Ƙaramar waya ta kira ba ta wannan aiki, sai babba mai kyamara da lasifika mai kyau, domin masani yana bukatar ganin inda harshe ya taɓa, ya kuma rarrabe “s” da “sh”. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, tana hannun maigida, shi kuma tun safe ya fita da ita kasuwa. Uwa wadda take tare da yaro yini guda ita ce ba ta da ita.

Kaya na uku shi ne data. Ganawa ta bidiyo takan ci daga kimanin megabayit 300 zuwa fiye da gigabayit ɗaya a awa, gwargwadon kyan hoton. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Bugu da ƙari, inda sabis ba shi da ƙarfi hoto yakan daskare, murya ta yanke, a ɓata rabin lokacin ana “kana ji na?”, data kuwa tana tafiya.

Kaya na huɗu shi ne wuta. Inda babu lantarki sai an kai waya shagon caji an biya. Na biyar shi ne lokacin uwa, domin yaro ɗan shekara uku ba ya zama gaban waya shi kaɗai. Awar da ta zauna da shi awa ce da ba ta yi ƙuli-ƙuli ko saƙar hula ba. Na shida shi ne abin da ba ya yiwuwa daga nesa, kamar gwajin ji, da na'urar ƙara ji, da batirinta.

Akwai kaya na bakwai wanda ba a cika lissafa shi ba, shi ne harshe. Yawancin kayan gwaji da na koyarwa da Turanci aka tsara su, don yaran Turawa. Hausa kuwa tana da ƙ da ɓ da ɗ da ts da 'y, tana da “r” iri biyu, tana da karin sauti da tsawon wasali masu sauya ma'ana. Tana kuma da karorinta: abin da Bakano zai ce “fari”, Basakkwace zai ce “hwari”. Masanin da bai san wannan ba yana iya ɗaukar karin harshe a matsayin cuta, a yi ta biyan kuɗi ana gyaran abin da bai ɓaci ba. Mafi tsadar magani shi ne wanda aka saya bai dace da ciwon ba.

5. Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Amurka, duk da arzikinta, tana da yankunan karkara da unguwannin talakawa da masana ba sa zuwa. Abin lura shi ne yadda ta ɗora nauyin a kan doka. Tun 1967 shirin Medicaid, wanda ke biya wa matalauta kuɗin magani, ya wajabta a binciki lafiyar yaran da ke ƙarƙashinsa har su kai shekara 21, a kuma yi musu maganin abin da aka gano, ciki har da matsalar magana. A 1975 aka yi dokar da ta tilasta wa makarantun gwamnati su ba yaro mai nakasa ilmin da ya dace da shi kyauta, gyaran magana yana daga cikin abin da ake yi masa ba tare da iyaye sun biya ba. A 1988 aka yarda Medicaid ya riƙa biyan kuɗin irin wannan aiki in an yi shi a makaranta. A 1996 kuma dokar sadarwa ta kafa shirin rangwamen intanet ga makarantu da ɗakunan karatu, daga kashi 20 har zuwa 90 cikin ɗari, gwargwadon talaucin yankin. Da waɗannan huɗu suka haɗu, sai ya zama ƙaramar makarantar ƙauye tana iya ɗaukar masani daga wani birni ya riƙa ganin yaranta ta kwamfuta.

Akwai kuma darasi na gargaɗi. Daga ƙarshen 2021 gwamnatin Amurka ta riƙa rage wa gidaje matalauta dala 30 a wata daga kuɗin intanet, gidaje fiye da miliyan 23 suka shiga. A tsakiyar 2024 kuɗin ya ƙare, majalisa ba ta ƙara ba, shirin ya mutu. Rangwamen da aka ɗora a kan doka mai ɗorewa, aka kai shi makaranta, yana nan. Wanda aka ɗora a kan kasafi na ɗan lokaci, aka kai shi gida-gida, ya tafi.

Ostareliya kuwa ta daɗe da sanin nisa. A 1951 ta fara koyar da yaran daji ta rediyo daga garin Alis Sifirin. A Maris ɗin 2020 inshorar lafiyarta ta gwamnati ta fara biyan kuɗin ganawa daga nesa, daga baya aka mai da yawancin wannan tsari na dindindin. Darasin a nan shi ne, muddin mai biyan kuɗi bai ɗauki ganawa ta waya a matsayin aiki na gaskiya ba, masani ba zai yi ta ba sai ga mai hali.

6. Abin da Za a Iya Yi

Nijeriya ba ta rasa tukwanen da za a ɗebo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na masu rauni, ta kuma ambaci yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu nakasa a cikinsu. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari don ilmin farko, wani yanki nasa na yara masu bukata ta musamman ne. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. Dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa an sa mata hannu a Janairun 2019. Abin da ya rage shi ne a haɗa bakin waɗannan tukwane a kan yaro ɗaya. Ga shawarwari bakwai.

Na farko, a kai na'urar inda jama'a suke taruwa, kada a jira kowane gida ya mallaki tasa. Ɗaki ɗaya a makarantar firamare ko asibitin sha-ka-tafi, da kwamfutar hannu guda, da lasifika, da farantin sola, ya isa unguwa ko gunduma. Masani yana Kano ko Kaduna, daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu, rabin awa ga kowane yaro, ya ga yara takwas. Da wannan an sauke wa iyaye kayan waya da data da caji gaba ɗaya, abin da ya rage musu tattaki ne kawai.

Na biyu, a horar da mataimaka. Tun 2014 Nijeriya take da manufar sauke wasu ayyukan likitoci a kan ƙananan ma'aikatan lafiya. Haka za a yi a nan: malamin aji ko ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta koyi gudanar da darussan da masani ya tsara, shi kuwa ya auna yaron da farko, ya riƙa dubawa sau ɗaya a wata. A lissafin da ya gabata, 40,000 ta koma 10,000 ke nan. In kuma an haɗa yara uku masu matsala iri ɗaya a zama guda, kason kowanne ya koma sulusi.

Na uku, a mai da uwa abokiyar aiki. Masani yana ganin yaro rabin awa, uwa tana tare da shi dare da rana. In an koya mata ta riƙa ambatar sunan abin da take yi tana wanke-wanke ko tana tuƙa tuwo, ta tsaya ta ba shi lokaci ya amsa, ta maimaita kalmarsa daidai ba tare da tsawa ba, ta daina ƙarasa wa mai i'ina zancensa, to an sami malama wadda ba a biyanta albashi. Kaka da yayye ma su shiga ciki, tatsuniya da wasannin dandali kuwa kayan aiki ne da aka gada. Amma fa lalle a nemi yardar maigida tun farko, gama shi ne mai wayar, shi ne kuma mai izinin fita.

Na huɗu, a rage dogaro da ganawa ta kai-tsaye. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai megabayit guda ba. Uwa ko mataimaki ya ɗauki maganar yaro, ya aika ta WhatsApp lokacin da sabis ya samu, masani ya saurara ya mayar da umarni. Darussan bidiyo kuma a zuba su a katin waya, a riƙa tura wa juna ba tare da data ba, kamar yadda ake yi da wa'azi da finafinai. Gidajen rediyon jihohi su ware minti goma sha biyar a mako don koya wa iyaye alamun da ya kamata su lura da su.

Na biyar, a rubuta sunan aikin ɓaro-ɓaro a cikin jerin abin da inshora take biya, ta tarayya da ta jihohi, a kuma bayyana cewa ganawa daga nesa daidai take da ta ido da ido wajen biya. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a ofishin kuɗi ya san abin da ba shi da layi a kasafi ba shi da rai. Haka nan a nemi kamfanonin waya su yafe kuɗin data a kan dandalin da aka keɓe don wannan aiki, asusun sadarwa kuma ya ɗauki nauyin haɗa ɗakunan.

Na shida, a waiwayi zakka da wakafi. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano suna da hukumominsu. Zakka haƙƙin matalauci ce, ana iya ba iyayen yaro su biya kuɗin gwaji ko na'urar ji. Wakafi kuwa ya fi dacewa da abin da zai daɗe, kamar ɗaki da sola da kwamfuta, ko shago da za a riƙa biyan mataimaki da kuɗin hayarsa. Ƙungiyoyin waje ma suna da rawarsu. Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana biyan kuɗin ɗinkin leɓe da ganɗa a asibitocin ƙasar nan, tana kuma tallafa wa gyaran magana bayan aikin. Sai dai darasin Amurka yana nan: taimako ya zama ƙari, kada ya zama ginshiƙi.

Na bakwai ya shafi jami'a kai tsaye. Ɗaliban da ke koyon aikin suna bukatar yaran da za su gwada hannu a kansu ƙarƙashin idon malami, yaran karkara kuma suna bukatar mai duba su a kan araha. Asibitin koyarwa ta intanet ya biya bukatun biyu. Sa'an nan sassan Hausa da na kimiyyar harshe su haɗa kai da na ilmin musamman su binciko shekarun da yaron Bahaushe yake mallakar kowane baƙi, su tsara gwaji da hotunan abin da ya sani, kamar akuya da ƙwarya da tabarma, su sake shi kyauta. Aiki ne da za a yi sau ɗaya ya amfani yaro a Katsina da Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi.

7. Abin da Za a Kiyaye

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akwai wuraren da rage kuɗi zai zama cuta. Duk yaron da bakinsa ya yi jinkiri, a fara auna jinsa da na'ura, domin wata shida na darasi ga kunnen da ba ya ji asara ce tsantsa. Tsagaggiyar ganɗa sai an ɗinke ta tukuna darasi zai yi cikakken amfani. Yaron da yake shaƙewa in yana cin abinci yana bukatar a gan shi ido da ido. Wanda kurumtarsa ta yi zurfi kuwa, maganar hannu harshe ce cikakkiya, kada a hana shi ita da sunan jiran baki. Makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano don haka aka kafa su.

Haka nan intanet ba ta da ƙofa. Duk wanda ya ga dama yana iya kiran kansa masani ya karɓi kuɗin mutane, saboda haka a tabbatar mai aikin yana da rajista, mataimaki kuma kada ya wuce iyakar abin da aka koya masa. Murya da hoton yaro amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe su, ba a ɗauka ko a aika sai da izinin iyaye, ba a kuma yaɗa su don neman taimako ko suna. A ƙarshe, rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha. Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar a 2024. Kowane yaro da aka yi wa ita, da ta ƙyanda, an rage layin masu jiran masani ke nan.

8. Kammalawa

An ga cewa matsalar tana da yawa, masana kaɗan ne, aikin yana yiwuwa daga nesa, tsadarsa kuma ba dunƙule take ba, ƙulli bakwai ce, kowane da hanyar kwance shi. Babu ɗaya daga cikin shawarwarin nan da ke bukatar sabuwar ma'aikata ko ginin bene. Abin da suke bukata shi ne Ma'aikatar Lafiya da ta Ilmi da ta Sadarwa su zauna a tebur ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga ma'aikacin gwamnati, aikinsa ya fara daga takardar da ke gabansa: layi ɗaya a kasafin ƙaramar hukuma, suna ɗaya a jerin inshora, ɗaki ɗaya a makarantar da yake dubawa. Ga ɗalibi kuwa, ga fili nan da ba a nome ba, ko a fannin harshe yake, ko lafiya, ko ilmi, ko kwamfuta. In ya koma gida hutu, ya lura da yaron nan da ake cewa miskili ne, ko daƙiƙi, ko mai taurin kai, ya tambayi uwarsa ko an taɓa auna jinsa. Shekarun da za a taimaki wannan yaro ƙidayayyu ne, ba kuwa za su tsaya jiran kasafin baɗi ba.